Hannuwan da ba a gani: sharhi a kan aikin sitidiyo cikin faifai ukku na mawaƙan Nijar

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban manyeto yana juya waƙar baka zuwa rubutu ya san wahalar da ke ciki. A saurari ɗango guda sau biyar ko sau goma, a mai da zare baya, a sake kasa kunne, amma a ƙarshe a tashi ba a tabbata ko mawaƙi “baki” ya ce ko “baƙi” ba. An saba ɗora laifin wannan wahala ga mawaƙi, a ce yana haɗiye magana, ko kuwa ga mai saurare, a ce kunnensa bai goge ba. Ba safai ake tuna cewa tsakanin bakin mawaƙi da kunnen mai saurare akwai waɗansu mutane ukku da ba a ganin su ba, wato mai shirya faifai, da mai haɗa sauti, da makaɗin haya. Su ne ke yanke hukunci a kan abin da za a ji da abin da zai nutse.

Wannan magana ta wuce sha'anin nishaɗi. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram cikin 1973, masu tsara littattafan karatu da na yaƙi da jahilci suna komawa ga waƙoƙi domin neman matani mai daɗin karantawa wanda jama'a suka riga suka sani. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, abin da ya ƙara buƙatar matani da ƙamus da taskokin murya. Waƙoƙin da za a ɗebo domin wannan aiki a yanzu, mafi yawansu daga sitidiyo suke fitowa. Saboda haka ya wajaba ga mai nazarin harshe ya san abin da sitidiyo ke yi ma kalma kafin ya ɗauke ta shaida.

Sharhin nan ya dubi faifai ukku: “Anar” na Mdou Moctar, wanda aka ɗauka a Sakkwato cikin 2008, da “Nomad” na Bombino, wanda aka ɗauka a Nashbil ta Amurka ya fito cikin 2013, da “Kaani” na ƙungiyar Tal National, wanda aka ɗauka a Yamai ya fito shi ma cikin 2013. Biyu na farko da harshen Tamajak aka rera su, na ukku kuma da harsunan ƙasa daban-daban har da Hausa. An zaɓe su ne don kowanensu yana nuna hanya guda ta zaman mawaƙi da masu na'ura, kuma darasin da ke ciki ya shafi waƙar Hausa kai tsaye.

2. Ma'aikatan ukku da rabon aikinsu

Mai shirya faifai shi ne jagoran aiki. Shi ke zaɓen waƙoƙin da za su shiga, shi ke cewa a ƙara sauri ko a rage, a yanke baiti ko a maimaita amshi, a kawo wane makaɗi a bar wane. Wani lokaci ba ya taɓa kayan kiɗa ko ɗaya, amma launin faifan duka nasa ne.

Mai haɗa sauti aikinsa ya samo asali daga ɗaukar sauti layi-layi. Murya tana da layinta, ganga tana da nata, gita tana da nata, kuma ba dole ba ne a ɗauke su rana guda ko a ɗaki guda. Bayan an gama ɗauka sai ya zauna gaban teburin haɗi ko kwamfuta ya mai da layukan nan abu guda. Manyan makamansa huɗu ne: ɗaga layi ko sauke shi, tace sauti don a rage wani sashe na kauri ko na siranta, matse sauti don ƙarfi da rauni su kusanci juna, da ƙara amsa-kuwwa don a ji kamar cikin babban zaure ake waƙar.

Makaɗin haya kuwa gwani ne da ake kira domin aikin yini ɗaya ko waƙa ɗaya, a biya shi, ya tafi. Tarihin kiɗan Amurka cike yake da irinsu. Makaɗan da ake kira Funk Brothers su suka kaɗa mafi yawan waƙoƙin kamfanin Motown a Ditroyit cikin shekarun 1960, amma sunayensu ba su fara fitowa a bangon faifai ba sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna “What's Going On”. Haka ma a Los Anjalas, Hal Blaine mai ganga da Carol Kaye mai gitar ƙasa sun yi kiɗa a faifai masu ɗimbin yawa da suka fita da sunayen waɗansu.

A ƙasar Hausa waɗannan ayyuka ba baƙi ba ne, sai dai a da ba a rarraba su ba. Shugaban ƙungiyar makaɗan baka shi ne mai shirya kansa kuma mai haɗa kansa. Shi ke sanin inda masu kalangu za su tsaya da inda ƴan amshi za su tsaya, kuma da ɗaga hannu ko juyin kai yake sa kiɗa ya lafa in zai jefa magana mai nauyi. Wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata da kyau zai ji yadda kalangai ke ba murya hanya, su dawo da ƙarfi wajen amshi. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya fi kowa sauƙin rubutawa, domin tsirkiya guda ba ta iya rufe bakin mutum. Abin da sitidiyo ya kawo sabo shi ne ya ɗauke wannan iko daga hannun mai magana ya danƙa ma wani, wanda kuma yana yiwuwa bai jin harshen da ake waƙar da shi.

3. Abin da kalmar Hausa ke buƙata

Abubuwa ukku ke riƙe da ma'anar kalmar Hausa a kunne, kuma kowanensu yana da makamin da ke iya raunana shi.

Na farko shi ne bambancin baƙaƙe. Sashen sauti da ke rarrabe baƙaƙe da yawa yana tsakanin kaɗawa 2000 zuwa 4000 cikin sakan guda, wasu kamar s sun haura haka. A daidai wannan sashe ne gitar lantarki mai gurnani da kugen ganga suke da ƙarfi. In mai haɗi ya ɗaga su, wasula za su ci gaba da fitowa amma baƙaƙe su dushe. Baƙaƙe masu ƙugiya sun fi shiga haɗari. Abin da ya raba ƙ da k shi ne rufewar maƙogwaro da ɗan shirun da ke biyo bayan fashewar sautin kafin wasali ya fara. Amsa-kuwwa mai yawa tana cike wannan ɗan shiru, sai “ƙara” ta kusanci “kara”, “ƙafa” ta kusanci “kafa”. Haka ɓ da ɗ, alamarsu tana cikin ɗan ƙuncin murya da ke farkon wasalin da ke biye, alama ce siririya wadda kiɗa mai kauri ke shafewa.

Na biyu shi ne tsawon wasali. “Gari” na mutane da “gari” na tuwo karin sautinsu ɗaya, tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. Nazarin Russell Schuh a kan ma'aunin waƙoƙin Hausa, har zuwa aikin da ya fito da sunansa da na Bruce Hayes cikin 2019, ya nuna cewa rerawa tana ginuwa a kan bambancin gaɓa mai nauyi da gaɓa maras nauyi. Makaɗi ɗan Adam yana iya jiran mawaƙi in ɗango ya yi tsawo. Na'urar ganga ba ta jira, sai dai mawaƙi ya ja gaɓa ko ya matse ta.

Na ukku shi ne karin sauti. “Kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala, hawa da saukar murya ne suka raba su. Nahawu ma a nan yake rataye: “ya tafi” na abin da ya wuce, da “ya tafi” na umurni, da “ya tafi” na abin da ake tsammani, rubutunsu ɗaya ne bisa ƙa'idojin da aka daidaita a taron Yamai na 1980, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai juya waƙa ba shi da madogara sai kunnensa da ma'anar zance. Cikin 1972 Paul Richards ya ƙirga gaɓoɓin wata waƙar Hausa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar cewa rerawa tana bin karin sautin kalmomi fiye da yadda dace kawai zai iya kawowa, ko da yake ba a kowace gaɓa ba. Daga baya William Leben ya sake duba al'amarin ya nuna cewa in an lura da gangarar murya ta maganar yau da kullum, daidaituwar ta fi yadda aka zata.

4. “Anar”: mai fiyano a matsayin komi

Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne, kuma faifansa na farko a sitidiyon Hausawa na Sakkwato ya ɗauke shi. Wanda ya san shi ta faifansa na baya, inda gitar lantarki ke ruri, zai yi mamakin “Anar”. A nan gita tana tafiya a hankali bisa bugun na'urar ganga, murya kuma an bi da ita ta cikin Auto-Tune har ta koma kamar sarewar ƙarfe. Wannan salo ba na mawaƙin ba ne shi kaɗai, salon ɗakin da ya shiga ne, wato salon waƙoƙin finafinan Hausa da ya ginu a Kano tun shekarun 1990 a kan fiyanon Yamaha da ire-irensa.

A irin wannan sitidiyo ayyukan nan ukku suna hannun mutum guda. Mai fiyano shi ke tsara kiɗa, shi ke kaɗa duk kayan da ake ji daga ganga har sarewa, shi ke ɗaukar murya, shi ke haɗawa. Amfanin haka a fili yake: aiki yana da araha, ana iya gama waƙa cikin yini, kuma mai haɗin yana zaune cikin jama'ar da za su saurara, ya san cewa a ƙaramar lasifikar salula za a ji waƙar. Shi ya sa murya take gaba ƙwarai, kiɗa yana bayanta. Ta wannan fuska “Anar” ya fi faifai da yawa masu tsada mutunta kalma. Kuma jama'a sun ba da shaida, domin waƙoƙinsa sun yaɗu daga salula zuwa salula cikin Sahara ba tare da kanti ko talla ba, har ɗaya daga cikinsu, “Tahoultine”, ta shiga tarin “Music from Saharan Cellphones” na kamfanin Sahel Sounds, wanda daga baya ya fitar da “Anar” a faifan garmaho cikin 2014.

Batun Auto-Tune yana buƙatar a tsaya a kansa, domin an yawaita zarginsa ba tare da awo ba. Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin girgizar ƙasa domin neman man fetur, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara sayarwa cikin 1997, ya kuma shahara da waƙar Cher mai suna “Believe” ta 1998. Aikinsa shi ne ya ja murya zuwa matakin kiɗa mafi kusa da ita. In an saita shi da sauri sosai, murya ba ta zamewa daga mataki zuwa mataki, sai dai ta yi tsalle. Tamajak ba harshe ne mai karin sauti irin na Hausa ba, saboda haka a “Anar” abin da aka rasa launin murya ne, ma'ana ba ta taɓu ba. To, in Hausa ake rerawa fa? Amsar ba ta kai munin da ake zato ba. Muddin tazarar da ke tsakanin gaɓa biyu ta kai mataki guda, abin da ya hau zai ci gaba da hawa, abin da ya sauka zai ci gaba da sauka, “wuya” ba za ta rikiɗe ba. Abin da ke lalacewa shi ne karin sauti faɗau, wanda zamiya ce daga sama zuwa ƙasa cikin gaɓa guda, da kuma ƙananan lanƙwasar murya da ba su kai mataki ba. Saboda haka irin wannan faifai yana iya zama shaida a kan kalmomi da nahawu, amma ba ya zama shaida a kan awon karin sauti, domin layin da na'urar bincike za ta zana na na'urar sitidiyo ne.

Babbar ɓarna tana wani wuri dabam, wato a jerin aiki. A waƙar baka magana ce ke haifar da rerawa. A sitidiyon fiyano sau da yawa kiɗa ake fara ginawa, wani lokaci bisa karin waƙar Indiya kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya nuna cikin nazarinsa na finafinan Hausa, sa'an nan a nemo kalmomin da za a zuba ciki. A nan ne rerawa ke iya saɓa ma karin kalma, a kuma ja gajeren wasali don ya cika gurbi. Gwanayen marubuta waƙa suna kauce ma haka da kunnensu, waɗanda ba su goge ba kuwa suna faɗawa. Laifin na tsarin aiki ne, ko da ba a kunna Auto-Tune ba.

5. “Nomad”: mawaƙi baƙo a ɗakin wani

Bombino ɗan yankin Agadas ne. Faifansa “Agadez” na 2011, wanda Ron Wyman ya shirya, ya bar gita da tafi da murya a fili, iska tana ratsa tsakaninsu. “Nomad” kuwa Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ne ya shirya shi a sitidiyonsa na Nashbil, kamfanin Nonesuch ya fitar, kuma ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard na kiɗan duniya. An ƙara ma makaɗan Bombino waɗansu makaɗan haya, aka shigo da molon majami'a na lantarki da gitar zamiya irin ta kiɗan karkarar Amurka.

Adalci ya sa a fara da abin yabo. Auerbach bai tilasta ma mawaƙin Turanci ba, bai kuma karya bugun kiɗan Abzinawa mai rangaji ba. Ya ji cewa ƙarfin Bombino yana ga yatsunsa, sai ya gina faifan kewaye da gita, ya ba ta kauri da gurnani irin wanda masu saurare na Amurka da Turai suka saba da shi. Makaɗan hayan ma sun nuna ladabin sana'arsu, wanda shi ne mutum ya cike gurbin da aka ba shi ba tare da ya nemi a lura da shi ba. Faifan ya buɗe ma mawaƙin dandamalin duniya, kuma babu mai musun haka.

Amma mai nazarin harshe zai lura da farashin da aka biya. A waƙoƙi masu ƙarfi irin “Amidinine” da “Azamane Tiliade” murya ta koma ɗaya daga cikin kayan kiɗa, tana lulluɓe da amsa-kuwwa, gita tana cin sashen da baƙaƙe ke zaune. Wannan ba kuskuren na'ura ba ne, hukunci ne da aka yanke bisa sanin cewa mafi yawan masu saye ba za su fahimci kalma ko ɗaya ba. Alhali kiɗan gitar Abzinawa ya tashi ne cikin gudun hijira, kuma saƙon da ke cikin baitoci shi ne ya sa ake kwafar kasetocinsa hannu da hannu. Idan mai haɗi bai jin harshe, ba shi da hanyar sanin wace gaɓa ce ke ɗauke da nauyin ɗango don ya ɗaga ta. Mai haɗi da ke jin harshe yana bin murya kalma bayan kalma, ya ɗan ɗaga inda ta raunana. Wanda bai ji sai ya auna ta da ma'aunin da yake auna ganga. Abin lura ne cewa cikin 2018 Bombino ya fitar da faifansa “Deran”, wanda ya ɗauka a Kazablanka, a nahiyar Afirka, kuma wannan faifai ne ya sa aka ambaci sunansa cikin ƴan takarar kyautar Grammy.

Darasi ga waƙar Hausa a nan shi ne, abin da Tamajak ta iya jurewa Hausa ba lalle ta jure ba. Harshen da ya rataya ma'ana ga ɗan shirun da ke bayan ƙ da ga tsawon wasali ya fi saurin rauni a irin wannan haɗi.

6. “Kaani”: injiniya baƙo a ɗakin makaɗa

Tal National ta bi hanya ta ukku. Shugabanta Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya gayyato injiniyan sauti Jamie Carter daga Shikago zuwa Yamai, aka yi ɗaukar a gida, kamfanin FatCat ya fitar. Ke nan an juya al'amarin “Nomad”: na'ura ce ta yi tafiya, makaɗa suna garinsu. Ƙungiyar tana da mambobi da yawa masu karɓa-karɓa, waɗanda suka goge da kiɗan dare na sa'o'i masu yawa a Yamai, saboda haka ba ta buƙatar makaɗin haya daga waje, gwanintar da ake nema wurinsa tana cikin gida.

Sakamakon yana fitowa a kunne. Sautin “Kaani” busasshe ne, amsa-kuwwa kaɗan ce, gitoci siraru ne masu saƙa da juna, ganga da kalangu suna gaba. Ana jin mutane suna kiɗa tare, suna sauraren juna. Rashin yawan amsa-kuwwa ya bar baƙaƙe da kaifinsu, kuma tunda mai yanke hukunci na ƙarshe yana jin harsunan da ake rerawa, ba a bar murya ta nutse ba. Cikin faifan ukku, wannan ne ya fi kusa da abin da mai bincike zai kira shaida.

Duk da haka ba a rasa abin cewa ba. Kiɗan rawa ne mai gudu, kuma a inda ganguna suka yi zafi murya tana kokawa da su. Haka nan kalangu, wanda a hannun gwani yake kwaikwayon hawa da saukar magana har mai jin Hausa ya gane take ko kirari, a cikin irin wannan cunkoso ya fi zama abin ƙara armashi. Kunnen da bai san kalangu yana magana ba zai ajiye shi tare da sauran ganguna, alhali wani lokaci wurinsa yana kusa da murya.

7. Suna da haƙƙi

Akwai wata matsala da ta haɗa mai bincike da ma'aikacin sitidiyo, ita ce ɓacewar suna. Faifan da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauko a Nijar domin kamfanin Ocora cikin shekarun 1960 suna zuwa da bayanin wuri da kayan kiɗa, wanda ya sa har yau ake iya aiki da su. Waƙar da ke yawo a katin salula kuwa ba ta da bango, sau da yawa ko sunan mawaƙi babu, balle na mai fiyano. Christopher Kirkley sai da ya yi ta bin sawu kafin ya gano masu waƙoƙin da ya tara domin “Music from Saharan Cellphones”. Mawaƙan sitidiyon Hausa sun samo magani daga al'adar gida: suna ambaton mai kiɗa da sunan sitidiyo a cikin waƙar kanta, kamar yadda makaɗan baka ke ambaton yaransu da iyayen gidansu. Wannan suna ba ya gogewa komi yawan kwafi. Ya kamata mai juya waƙa ya daina tsallake waɗannan ɗangogi da sunan ba su cikin matani, domin su ne takardar shaidar faifan.

Ta fuskar doka, Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar Roma ta 1961, wadda ta fara aiki cikin 1964, mai kare haƙƙin masu wasa da masu fitar da faifai da gidajen rediyo. Makaɗin haya yana shiga ƙarƙashinta a matsayin mai wasa, amma ba ta ambaci mai haɗa sauti ba. Kuma haƙƙin da ba a rubuta sunan mai shi ba, da wuya a biya shi.

8. Kammalawa

Faifan nan ukku sun nuna cewa tsadar na'ura ba ita ke tsare kalma ba. “Anar”, mafi ƙarancin kayan aiki, ya ajiye murya a gaba amma ya sauya siffarta. “Nomad”, mafi wadatar kayan aiki, ya ɗaukaka gita ya bar baitoci a baya. “Kaani” ya tsaya tsakani domin iko ya zauna hannun masu jin harshen. Abin tambaya game da kowane faifai shi ne: wa ya yanke hukunci na ƙarshe, kuma wane mai saurare yake hange?

Daga nan shawarwari huɗu ke fitowa ga masu bincike da masu tsara karatun manya. Na farko, duk waƙar da za ta shiga taska a rubuta mata wurin ɗauka da shekara da sunan mai shiryawa da mai haɗawa da makaɗa, a kuma nuna ko an bi da murya ta na'urar gyara. Na biyu, a nemi yardar sitidiyo da mawaƙi a karɓi layin murya shi kaɗai kafin a haɗa shi da kiɗa, domin yana nan ajiye a kwamfuta kuma sau da yawa gogewa ake yi in wuri ya cika. Na ukku, matanin da za a sa cikin littafin karatu a tabbatar da shi daga bakin mawaƙi ko marubucin waƙar, kada a dogara ga faifai kaɗai. Na huɗu, kamar yadda David Ames da Anthony King suka tattara kalmomin kiɗan Hausa cikin littafinsu na 1971, a shiga sitidiyoyin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai a tattara kalmomin da masu fiyano ke amfani da su wajen aiki, kafin a zauna ƙirƙirar waɗansu a ofis. Masu wannan sana'a sun daɗe suna sauraren Hausa gaɓa bayan gaɓa, kuma zama da su zai amfani mai nazarin harshe kamar yadda bayanin ƙ da karin sauti faɗau zai amfane su a gaban teburin haɗi.